Dashen mahaifa ga masu sauya jinsi: inda likitoci suka kai da inda suka tsaya

A ranar 13 ga watan Satumba na 1931, wata mai zanen hotuna ƴar ƙasar Danmak da ake kira Lili Elbe ta rasu a birnin Dresden na Jamus, tana da shekara 48. An haife ta da jikin namiji, ta ma yi aure a matsayin namiji, daga baya ta sa likitoci suka yi mata jerin ayyukan fiɗa domin jikinta ya koma na mace. Aiki na ƙarshe, wanda likita Kurt Warnekros ya yi mata wata uku kafin rasuwarta, shi ne mafi ganganci. Bisa abin da marubuta tarihinta suka ruwaito, mahaifar wata mace aka dasa mata, saboda burinta ta haihu. Jikin ya ƙi karɓar dashen, ƙwayoyin cuta suka shiga, zuciya ta tsaya. A wancan zamani babu maganin da ke hana jiki yaƙar abin da aka dasa masa, ko penisilin ma bai shigo asibitoci ba. Sai a 1954 aka yi dashen ƙoda na farko da ya yi nasara.

Shekara fiye da 90 bayan haka, tambayar da ta kai Lili Elbe kabari ta dawo cikin mujallun likitoci. Ta dawo kuma cikin wayoyin jama'a, inda lokaci-lokaci ake yaɗa hotuna a WhatsApp da Facebook da taken wai “namiji ya haihu a Turai”. Gaskiyar magana ita ce har yanzu ba a taɓa samun wanda aka haifa da jikin namiji ya ɗauki ciki ya haihu ba. Hotunan masu gemu da ciki da ake gani, irin na Ba'amurke Thomas Beatie da ya yi suna a 2008, na mutanen da aka haifa mata ne, suka sauya kamanni zuwa na maza amma suka bar mahaifarsu ta asali.

Su wane ne ake magana a kansu

Hausa ta kan haɗa abubuwa uku cikin kalma guda, kuma daga nan ruɗani ke farawa. Mata-maza, ko hunsa a bakin malaman fiƙihu, shi ne wanda aka haifa da al'aurar da ba ta fito sarai ta namiji ko ta mace ba. Ɗan daudu kuwa al'amari ne na ɗabi'a da sana'a da salon magana, ba na asibiti ba. Waɗanda ake magana a kansu a nan kashi ne na uku: mutanen da aka haifa da cikakken jikin namiji, amma suke jin kansu mata ne, suke rayuwa a matsayin mata, wasunsu kuma suke neman magani ko fiɗa domin jiki ya bi abin da suke ji. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta cire wannan yanayi daga babin cututtukan ƙwaƙwalwa a kundinta na cututtuka, ta mayar da shi babin lafiyar jima'i. Sabon kundin ya fara aiki a watan Janairun 2022.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne, kusan duk ci-gaban da ake yi wa waɗannan mutane albishir da shi, ba don su aka ƙirƙiro shi ba. An ƙirƙiro shi ne don matan da aka haifa mata amma babu mahaifa, ko kuma suka rasa ta.

Daga Jidda zuwa Suwidin

Akwai wata nakasa ta haihuwa da likitoci ke kira MRKH, wadda ke samun kusan ƴa mace ɗaya cikin 4,500 zuwa 5,000. Yarinya za ta girma lafiya lau, ƙirji ya fito, jakar ƙwanta na aiki, amma babu mahaifa, sau da yawa farjin ma gajere ne ƙwarai. Yawanci ba a ganewa sai ta kai shekara 15 ko 16 ba ta ga al'ada ba. Ban da su akwai matan da aka cire wa mahaifa saboda sankara, ko zubar jini bayan haihuwa, ko fashewar mahaifa bayan doguwar naƙuda, abin da ungozomomi da likitocin manyan asibitocin haihuwa na Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa suka sani sarai.

Gwajin farko na zamani a ƙasar Musulmi aka yi shi. A shekarar 2000, a Jidda ta Saudiyya, likita Wafa Fageeh da abokan aikinta suka dasa wa wata mace mai shekara 26 mahaifar wata mai shekara 46. Dashen ya yi kwana 99, har ta ga al'ada, kafin jini ya daskare a jijiyoyin aka cire shi. A 2011 likitocin jami'ar Akdeniz da ke Antalya ta Turkiyya suka dasa wa wata matashiya mahaifar mamaciya. Mahaifar ta zauna, amma sai a 2020 matar ta samu haihuwa.

Wanda ya fara kai abin ga gaci shi ne farfesa Mats Brännström na Gotenbag a ƙasar Suwidin, bayan ya shafe sama da shekara 10 yana gwaji a kan ɓeraye da tumaki da birai. Tsakanin 2012 da 2013 tawagarsa ta yi wa mata 9 dashe. Biyu an cire musu tun da wuri. A watan Satumban 2014 ɗaya daga cikin sauran ta haifi ɗa namiji, bakwaini, mai nauyin kilo 1 da giram 775. Wadda ta ba da mahaifar aminiyar gidansu ce mai shekara 61, wadda ta daɗe da daina al'ada. Wannan ya ba likitoci mamaki ƙwarai, domin ya nuna cewa mahaifa ba ta tsufa kamar yadda ƙwai ke tsufa. In ta samu jini da sinadaran da take buƙata, sai ta farfaɗo.

Daga nan abin ya bazu. Amurka ta samu haihuwarta ta farko a Dallas a 2017. A ƙarshen wannan shekara, a Sao Paulo ta Birazil, aka haifi jaririya ta farko daga mahaifar mamaciya. A Faransa, asibitin Foch da ke kusa da Paris ya dasa wa wata mace mahaifar mahaifiyarta a 2019, ta haihu a watan Fabrairun 2021, ma'ana jaririyar ta kwanta a mahaifar da uwarta ta kwanta. Ingila ta yi nata dashen a 2023, aka haihu a 2025. Zuwa yanzu an yi irin wannan aiki fiye da sau 100 a duniya, jariran da aka samu sun haura 50.

Sai dai aikin ba wasa ba ne. A gwajin Suwidin, cire mahaifar daga jikin mai bayarwa kaɗai ya ɗauki awa 10 zuwa 13, saboda dole a zare siraran jijiyoyin jini daga kusa da bututun fitsari ba tare da an yanke shi ba. Mai karɓa za ta riƙa shan magungunan danne garkuwar jiki, waɗanda ke wahalar da ƙoda kuma ke buɗe ƙofa ga cututtuka. Ba a dasa bututun da ƙwai ke bi, don haka ciki ba ya shiga ta saduwa; sai an haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji sannan a saka ɗan tayin. Haihuwa kuma sai ta hanyar fiɗa. Bayan ɗa ɗaya ko biyu a sake buɗe ciki a cire mahaifar, domin matar ta huta da magani. Likitocin Dallas sun wallafa sakamakon mata 20 a 2024: mahaifa ta zauna a jikin 14, kuma dukkan 14 ɗin sun haihu. Sauran 6 sun sha fiɗa da wahala, sun koma gida hannu rabbana.

Abin da ya bambanta jikin da aka haifa namiji

A 2017 likita Richard Paulson, wanda a lokacin yake shugabantar ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka, ya faɗa a bainar jama'a cewa bai ga wani dalili na ginin jiki da zai hana a yi wa mai sauya jinsi irin wannan dashe ba. Jaridu suka ɗauki maganar kamar gobe za a yi. A 2019 wasu likitocin Landan, cikin tawagar da daga baya ta yi dashen Ingila, suka rubuta dogon nazari suna lissafa matsalolin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya karanta shi zai ga abin da jama'a suka fi tsoro ba shi ne babbar matsalar ba.

Misali ƙashin ƙugu. Na namiji ya fi tsuke, amma tunda dama ta fiɗa za a haihu, jaririn ba zai bi ta nan ba, ciki kuma sama yake tashi in ya girma. Manyan jijiyoyin jinin da ake jona mahaifar da su, waɗanda ke gangarawa zuwa ƙafafu, maza da mata duk suna da su. Batun sinadaran ciki ma an san hanyarsa. Tun 1984 aka fara samun matan da jakar ƙwansu ba ta aiki suna ɗaukar ciki da ƙwan wata, ana ba su istirojin da furojestaron har mabiyiya ta karɓi aikin bayan wata uku na farko.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙasan mahaifa. Mahaifa ba jaka ba ce da za a ajiye cikin ciki a rufe. Dole bakinta ya buɗe cikin farji, domin jinin al'ada ya fita, domin a saka ɗan tayi, domin kuma likita ya riƙa tsintar ɗan nama daga bakin mahaifar yana dubawa ko jiki ya fara ƙin dashen, tunda sau da yawa ƙin yana farawa ba tare da wani ciwo ba. Farjin mace na asali yana da danshi da tsami da wasu ƙwayoyi masu amfani da ke korar miyagun ƙwayoyin cuta. Farjin da likita ya gina, yawanci da fatar azzakari, fata ce kawai. Ƙwayoyin da ke zaune a cikinsa irin na fata da na hanji ne. A jona mahaifa da irin wannan wuri, a jikin wanda aka danne wa garkuwa, daidai yake da barin ƙofa buɗe. Ba hasashe ba ne: dashen farko na Amurka, a Kilibland a 2016, ƙwayar cutar farji mai kama da yis ce ta lalata shi cikin mako biyu, kuma a jikin mace ta asali. Shawarar da likitocin Landan suka kawo ita ce a ɗauko mahaifa tare da dogon sashe na farjin mai bayarwa, abin da ba zai yiwu ba sai daga mamaciya. Akwai kuma igiyoyin nama da ke riƙe mahaifa a mazauninta, waɗanda babu su a jikin namiji, sai an nemi inda za a ɗaure ta.

Gwaji a kan dabbobi bai ba da ƙwarin gwiwa sosai ba. A 2021 wasu masu bincike a Shanghai ta ƙasar Sin suka dasa wa ɓeraye maza mahaifa, aka samu ƴaƴa 10 da suka rayu. Amma hakan bai yiwu ba sai da suka ɗinke kowane namiji da wata ɓera mace mai ciki, jininsu ya zama ɗaya. Ma'ana jinin macen ne ya riƙe cikin. Gwajin ya sha suka har a cikin ƙasar ta Sin saboda azabtar da dabbobi, kuma babu wanda zai yi wa ɗan Adam haka. A 2022 wani likita a New Delhi ta Indiya ya shaida wa jaridu cewa yana shirin yi wa mai sauya jinsi dashen mahaifa. Babu wani sakamako da ya biyo baya a mujallun likitoci.

To ƙwan wa?

Ko da mahaifa ta zauna, ba ta yin ƙwai. Mai sauya jinsi ba ta da jakar ƙwai, don haka sai an samo ƙwan wata mace. In ta ajiye maniyyinta a sanyi kafin ta fara shan magani, ana iya haɗawa da shi. Sakamakon kuwa wani abu ne da dokar ƙasashe ba ta taɓa cin karo da shi ba: mutum ɗaya ya zama uba ta wajen jini, ya kuma zama wadda ta ɗauki cikin, ga mai ƙwai a gefe, ga mai mahaifa a gefe.

Akwai masu hangen abin da ya wuce haka. A 2023 farfesa Katsuhiko Hayashi na Japan ya ɗauki ƙwayoyin fatar ɓera namiji, ya mayar da su ƙwayoyin asali, ya zaɓi waɗanda suka zubar da kuromozom ɗin namiji, ya sa suka ninka na mace, daga ƙarshe ya raine su suka zama ƙwai. Cikin ƴan tayi 630 da aka saka wa ɓeraye mata, 7 kawai aka haifa. Babban abu ne a kimiyya, amma tsakaninsa da asibiti akwai tafiya mai nisa. Har yau ba a iya yin cikakken ƙwan ɗan Adam a ɗakin gwaji ba, ko daga ƙwayoyin jikin mace.

Abin da ya fi kusa

Ci-gaban da ake gani da ido bai da daɗin taken jarida. Hanyar da aka fi bi wajen gina farji ta samo asali ne daga nahiyar Afirka: likitan mata Bafaranshe Georges Burou ne ya ƙirƙiro ta a asibitinsa na Kazablanka ta Maroko a 1956, inda yake juya fatar azzakari ciki kamar yadda ake juya safa. Matsalarta bushewa da tsukewa, sai mutum ya riƙa buɗa wurin da na'ura tsawon shekaru. Wasu likitocin suna amfani da guntun hanji, wanda ke da danshi amma yana buƙatar a yanka hanji. Wasu yanzu suna janyo tantanin da ya lulluɓe kayan ciki, da taimakon na'urar fiɗa mai hannuwa da likita ke sarrafawa, dabarar da ita ma don mata masu MRKH aka fara ta.

A Fortaleza ta Birazil kuwa, likitocin jami'ar Ceará sun koma ga fatar kifin karfasa, irin wanda ake soyawa a bakin kogin Yamai. Sun fara amfani da ita ga masu ƙuna, bayan an wanke ta an kashe ƙwayoyin cutar da ke jiki. Daga 2017 suka fara shimfiɗa ta a farjin da suka gina wa mata masu MRKH, inda take zama kamar makari har naman jiki ya tsiro a kai, ita kuma ta narke. A 2019 suka yi wa wata mai sauya jinsi da aikinta na baya ya tsuke. Kafin su, tawagar likita Anthony Atala ta Amurka ta raini farji a ɗakin gwaji daga ƙwayoyin jikin ƴan mata huɗu masu MRKH, aka dasa musu tsakanin 2005 da 2008 a Meziko, sakamakon ya fito a 2014 yana nuna suna aiki. Amma waɗannan ƴan mata suna da ɗan naman farji na asali da aka ɗebi iri daga gare shi. Wanda aka haifa namiji ba shi da shi, kuma nan ne binciken ya tsaya.

Ta wajen magani, ci-gaban ya fi zama na gane abin da ke cutarwa. An daina ba su irin istirojin da ke cikin ƙwayoyin tsarin iyali, saboda yana ƙara haɗarin daskarewar jini. An koma ga wanda ya yi daidai da na jiki, sau da yawa na liƙawa ko shafawa a fata. Maganin danne sinadarin namiji da aka fi sani a ƙasashen da ke amfani da Faransanci, Androcur, hukumar magunguna ta Faransa ta yi gargaɗi a kansa a 2018, bayan bincike ya nuna mai shan sa da yawa sama da wata 6 haɗarin samun wani ƙari a tantanin ƙwaƙwalwa ya ninka sau 7, bayan shekara 5 kuma sau 20. Wannan gargaɗi ya shafi duk mai sayen irin waɗannan ƙwayoyi a kasuwa ba da takardar likita ba, ko don me yake sha. Akwai kuma abin da magani ba ya yi: ba ya rage tsawo ko faɗin kafaɗa, ba ya siranta muryar da ta riga ta buɗe, sai horo ko fiɗar maƙogwaro. Wannan ne ya sa wasu likitoci suka riƙa ba yara maganin tsayar da balaga, kuma a nan ne gardama ta fi zafi. Bayan rahoton likita Hilary Cass na 2024, wanda ya ce hujjojin amfanin maganin ga yara masu rauni ne, Ingila ta daina ba da shi ga ƴan ƙasa da shekara 18 a wajen bincike. Suwidin da Finlan dama sun riga sun tsaurara.

Hukunci da kuɗi

Malaman Musulunci sun tattauna ɓangarorin biyu tun kafin likitoci su kai nan. A 1990, a Jidda, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta haramta dashen maraina da jakar ƙwai, saboda suna ɗauke da gadon mai bayarwa kuma za su cakuɗa nasaba, amma ta halatta dashen sassan haihuwa da ba sa ɗauke da gado in akwai lalura, ban da al'aura kanta. A kan wannan ne masu halatta wa mace dashen mahaifa suke dogara. Batun sauya jinsi dabam ne. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke a 1989 cewa bai halatta ga wanda halittarsa ta cika namiji ko mace ya sauya ba, ta keɓe mata-maza, wanda ta ce gyara masa magani ne. Iran ce ta bi wata hanya: bayan fatawar Ayatullahi Khumaini a shekarun 1980, ana yin fiɗar sauya jinsi a ƙasar bisa doka.

Su ma likitocin Yamma ba bakinsu ɗaya ba. Ƙa'idojin da aka fi sani kan dashen mahaifa, waɗanda aka tsara a Montreal ta Kanada a 2012, sun shardanta mai karɓa ta zama mace tun daga halitta. A 2021 wasu daga cikin masanan suka nemi a sake duba sharaɗin. Masu goyon baya na cewa in doka ta amince da mutum a matsayin mace, hana shi abin da ake yi wa sauran matan da ba su da mahaifa wariya ce. Masu adawa na cewa mai sauya jinsi za ta iya yarda da haɗari a kanta, amma jaririn da za a yi gwajin farko da shi ba a tambaye shi ba. Wannan hujja tana da nauyi, musamman ganin cewa ko a jikin mata na asali yawancin jariran dashe kafin lokaci ake ciro su.

Sannan ga ƙarancin masu bayarwa. A Ingila dashen 2023 ya ci fam 25,000, kusan miliyan 19 na kuɗin sefa, kuma wata ƙungiyar agaji ce ta biya, likitocin da suka yi aikin ba su karɓi ko dala ba. Matan da suka nemi shiga shirin sun kai ɗaruruwa, izinin da aka bayar kuwa na dashe 15 ne kawai, 5 daga masu rai, 10 daga mamata.